Wai hoton nan na taurari gaskiya ne ko haɗi ne?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Hoton nan da na saka na kuka da rumbuna biyu, taurari sun yi baka-baka a sama, tun jiya ake ta damuna da saƙo wasu na cewa AI ne wasu na cewa fotoshof ne, to bari in yi bayani a nan sau ɗaya kowa ya huta. A ƙauyen kakannina na ɗauka can bayan Gumel, daren 28 ga wata, ba ɗigon farin wata. Kyamara na kafa a kan ƙafa uku, na saita ta tana ɗauka sakan 30 sakan 30 ba tsayawa tun ƙarfe goma har sha biyun dare, hoto 240 kenan, da na dawo gida na jera su a kwamfuta na haɗe su ya zama guda ɗaya. Ban zana komai ba ban goge komai ba. Duk layi mai lanƙwasa da kuke gani tauraro ɗaya ne da hanyar da ya bi cikin awa biyun nan.

Ummi Autar Mama: wlh yaya ni ma da na gani na ce AI ne hhhh. to amma tunda ka haɗa hoto 240 ai haɗi ne dai ko?

Baban Ilham: Auta kin taɓa ganin yara sun ɗauko itace mai garwashi a baki suna wulwula shi da daddare ya yi zoben wuta? Zoben nan ba ƙarya ba ne, garwashin ya bi ta duk wuraren, ido ne ya riƙe. To idon mutum ba ya iya riƙe awa biyu, kyamara tana iyawa, shi ke nan bambancin.

Kawu Direba: Ni tambayata ɗaya, me ya kai ka gindin kuka ƙarfe sha biyun dare? Kai ba ka da iyaye ne?

Ummi Autar Mama: hhhhh Kawu ka bari mana

Kawu Direba: Ba wasa nake ba. Shekara da shekaru ina tuƙin dare, akwai kukokin da in na zo wucewa nake ƙara mai. Yaro ya je ya zauna awa biyu yana haska mutanen ɓoye da tocila.

Baban Ilham: Kawu na yi addu'o'ina kafin in zauna, kuma ba ni kaɗai ba ne, da ƙanin babana da wasu samari biyu, har shayi aka dafa. Gaskiya abin da ya fi ba ni tsoro a wurin ba na sama ba ne, na ƙasa ne.

Nas Hauwa: Yauwa, nan nake jira a zo. Don Allah duk wanda hoton nan ya burge shi yake shirin fita jeji ya saurare ni. Lokacin da kuke cewa sama ta fi kyau, ƙarshen damina zuwa kaka, shi ne daidai lokacin da ake yawan kawo mana saran maciji, kububuwa da daddare take yawo kuma kalarta kalar ƙasa ce, ba ta gudu in ta ji motsi, naɗewa take ta jira. Ku je asibitin Kaltungo a Gombe lokacin girbi ku ga yadda gadaje ke cika. Takalmi rufaffe mai tsawo, dogon wando, a haska wuri sosai kafin a shimfiɗa tabarma, kar a zauna kusa da tarin kara ko tsohon suri. In tsautsayi ya faɗa ba ɗauri ba tsaga ba tsotsa, a kwantar da ƙafar a nufi asibiti. Kunama ma tana nan.

Baban Ilham: Allah ya saka Anti Nas, wannan ya fi duk bayanin kyamarar da zan yi amfani.

Injiniya Sadiq: Hoto ya yi kyau malam. Amma ina da abin cewa, na ga na Turawa da'irar tana fitowa cikakkiya a tsakiyar sama, naka kuma tsakiyar da'irar tana can ƙasa dab da kan rumbu, rabinta ma ƙasa ta cinye. Ba ka ɗaga kyamarar sosai ba ne ko lens ɗin ne bai da faɗi?

Baban Ilham: Injiniya ko ɗaya, wannan ba daga kyamara ba ne, daga inda Allah ya ajiye mu ne. Tauraron arewa, Polaris, wanda sauran suke zagayawa, tsayinsa daga ƙasa a digiri daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Kano tana wajen digiri 12, Gumel ta ɗara kaɗan, Katsina da Sakkwato wajen 13, Jos ko 10 ba ta cika ba. Mutumin Landan yana digiri 51, shi ya sa nasa yake can sama ya samu zobe cikakke. Mu in ka miƙe hannunka ka dunƙule shi, dunƙulen nan wajen digiri 10 ne, to dunƙule ɗaya da ɗan ɗoriya daga inda sama ta haɗu da ƙasa, nan tauraron yake, ko ka shekara kana jira ba zai hau ba. Kuma ni wlh na fi son haka, saboda su sai sun ɗaga kyamara sama su rasa abin da za su saka a ƙasa, mu kuwa kana iya ɗora tsakiyar da'irar a kan kan rumbu ko reshen kuka ko hasumiyar masallaci kai tsaye ba wahala.

Injiniya Sadiq: To ai mun yi asara kenan, rabin zobe kawai.

Baban Ilham: Juya gabas ka gani. A wurinmu taurari kusan a tsaye suke fitowa, sai ka samu na tsakiya sun miƙe sak, na hagu sun lanƙwasa ta arewa, na dama sun lanƙwasa ta kudu, duk a hoto ɗaya in lens ɗinka na da faɗi. Kuma akwai taurarin kudu da mutumin Ingila bai taɓa gani daga gidansa ba, tauraron Suhailu yana nan fes ta kudu a watan Janairu da Fabrairu. Kowa da rabonsa.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira 'yan uwa. Wagga magana gaskiya ta, mu da munka tai Agadas mun ga tauraron ya ɗan ƙara hawa, can digiri 17 ne. Amma ni abin da nika son sani, ƙaƙa mutum ka gane shi? Don ba shi da wani haske sosai, ni na zaci shi ya fi kowane haske.

Baban Ilham: Haka mutane da yawa ke zato, alhali matsakaici ne, in akwai ɗan hazo a ƙasa-ƙasa ma ba za ka gan shi ba sam. Mafi sauƙi ka sauke manhajar Stellarium a waya, ka ɗaga ta sama ta nuna maka sunan kowane. In ba waya, a watan Oktoba da Nuwamba da farkon dare ka nemi taurari biyar da suka yi siffar W ko M ta arewa, yana ƙasansu. Taurari bakwai ɗin nan da aka saba nuna shi da su a littattafai, a wannan lokacin suna ƙarƙashin ƙasa a wurinmu sai can gefen asuba suke fitowa.

Malam Na Tsangaya: Ai da sauƙi, ka fuskanci alƙibla, hannun hagunka arewa ne.

Injiniya Sadiq: Allah gafarta Malam ya kusa amma da ɗan gyara. Alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da wajen digiri 22, don haka in ka fuskance ta hannun hagunka ya zarce arewa ya ɗan shiga yamma. Sai ka dawo dama kamar dunƙule biyu.

Malam Na Tsangaya: Na karɓi wannan. Amma akwai maganar da nake so a yi hattara da ita, na ga a ƙarƙashin hoton an rubuta wai ba taurari ne ke tafiya ba ƙasa ce ke juyawa. Hoton da kansa ya nuna kuka a tsaye, rumbu a tsaye, taurari ne suka yi tafiya. To da wace hujja za a ce akasin abin da ido ya gani?

Ummi Autar Mama: tab, an zo wurin

Injiniya Sadiq: Malam gaskiyarka a abu ɗaya, hoton shi kaɗai ba zai raba gardamar ba, ko ƙasa ce ke juyawa ko sama ce hoto iri ɗaya za a samu, tunda kyamarar a kan ƙasa take daram tare da kukar. Hujjar daga wani wuri take. A 1851 wani Bafaranshe Foucault ya rataya ƙarfe mai nauyi da doguwar waya a birnin Paris ya sake shi yana lilo, a hankali layin lilon ya dinga juyawa ba wanda ya taɓa shi, ƙasar ce ke juyawa a ƙarƙashinsa. Har yau ana maimaita gwajin a jami'o'i da gidajen tarihi. Kuma lissafin yana fita daidai, digiri 15 a kowace awa, in ka auna bakan da ke hoton nan na awa biyu za ka samu digiri 30, na kusa da tsakiya gajere na nesa dogo amma kusurwar ɗaya ce.

Malam Na Tsangaya: Lissafin taurari ba baƙonmu ba ne Injiniya, malamanmu sun daɗe suna lissafin manzilai 28, kowane kwana 13, manomi ya san manzilan Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, ya san lokacin da Kaza da 'ya'yanta ke faɗuwa. Ba su buƙaci Bafaranshe ba. Amma zan bincika abin da ka faɗa.

Admin: Malam da Injiniya don Allah maganar juyawar ƙasa a buɗe mata nata zaren, wancan karon sai da muka kwana uku a kanta har mutum biyu suka fita. A dawo kan hoto.

Hajiya Mai Lalle: Ni dai ku gaya min da waya za a iya? Ba ni da kuɗin kyamarar nan taku.

Baban Ilham: Hajiya ana iyawa amma ya danganta da wayar. Huawei da Xiaomi da yawa suna da wurin da aka tanada musamman don layin taurari a cikin kyamararsu, ki danna ki bar ta kawai. Manyan Samsung na baya-bayan nan ma suna da shi. In taki ba ta da shi ki duba ko akwai Pro, wato inda ake saita kyamarar da hannu, in tana barin ki kai sakan 30 to sai ki nemi manhajar da za ta dinga danna miki da kanta. Abin da ba a sasantawa shi ne motsi, ko kaɗan wayar ta gusa aiki ya ɓaci, in ba ƙafa uku ki cika ƙaramin buhu da yashi ki dasa ta a ciki a kan turmi. Ki saka ta a yanayin jirgi, don kira ɗaya in ya shigo ta yi ɓari an gama. Ki jona mata fawa bank tun farko.

Hajiya Mai Lalle: to a tsakar gida zan gwada, ni ba mai zuwa gindin kuka ba ce, ina bayan Kawu

Baban Ilham: A cikin Kano? Za ki samu manya-manyan kaɗai, sama kuma za ta fito ja-ja saboda fitilu da ƙurar gari. Amma ki gwada, ranar da aka ɗauke wuta a unguwa ya fi.

Alhaji Mai Hoto: Yara kuna jin daɗi. Mu a zamanin fim ba wani 240, harbi ɗaya ne. Ka saka kyamara a B, ka murɗa wayar rimot ka kulle, ka bar ta a buɗe awa ɗaya ko biyu, fim mai lamba 100, ba ka san abin da ka samu ba sai an wanke. Mai babur ɗaya ya ɓullo da fitila ya haske maka gaba, fim ya tafi. Sannan ka kai wanki yaron da ke kan inji ya ga fim baƙi ya ce ba komai a ciki ya ƙi bugawa, ko ya datse shi a tsakiya don bai ga inda hoto ya fara ba. Sai ka tsaya a kansa.

Baban Ilham: Ranka ya daɗe Alhaji ai ku ne iyayen sana'ar. Dalilin da ya sa yanzu ba ma yin harbi ɗaya, kyamarar zamani in ta daɗe a buɗe cikinta zafi yake yi sai hoto ya cika da ɗige-ɗige ja da shuɗi, balle a bazara da dare ma zafi ne. Kuma maganar mai babur, yanzu in ya wuce hoto ɗaya ko biyu ya ɓata, sai ka cire su ko ka gyara wurin kawai.

Alhaji Mai Hoto: Shi ya sa na ce kuna jin daɗi. Amma kalar da fim ke bayarwa har gobe ban ga irinta ba.

Sani Zariya: Oga ba mu saitin dalla-dalla mana, ina da tsohuwar Canon da lens ɗin da ta zo da shi 18-55

Baban Ilham: Ya isa. Ka bar shi a 18, ka buɗe shi iyakarsa f/3.5, sakan 30, ISO wato ƙarfin jin hasken kyamara 800, kar ka zarce 1600 don in ka cika ISO duk taurarin fari za su koma, alhali suna da kala, akwai ja akwai shuɗi akwai ruwan ɗorawa, ka duba hoton da kyau za ka gani. Fokas da hannu, ka nemo tauraro mai haske a allon ka zuƙo shi ka murɗa har ya zama ɗan mitsitsin ɗigo, sai ka manna salatif kar ya motsa. Ka kashe abin hana girgiza na lens. Sannan akwai wani saiti a ciki na rage ɗige-ɗigen dogon ɗauka, lallai ka kashe shi, in ba haka ba duk bayan sakan 30 kyamara za ta tsaya wani sakan 30 tana aikinta, layinka ya fito a yanke-yanke. Rimot mai waya ka saya, ba tsada, ka saka kyamara a ɗauka a jere ka kulle maɓallin. Da ka gama kar ka tashi, ka rufe lens da murfinsa ka ƙara ɗaukar kamar guda goma a baƙi, StarStaX da ake haɗa hotunan da shi zai yi amfani da su ya cire ɗigon zafi, kyauta ne manhajar, kuma yana da wurin cike ɗan giɓin da ke tsakanin hoto da hoto. Batir biyu cike. Raɓa kuma ita ce muguwar, a watan Oktoba wajen sha ɗaya za ka ga gilashi ya yi gumi ba ka sani ba, ka naɗe jikin lens da safa ka dinga leƙawa da ƙaramin haske daga gefe.

Sani Zariya: ngd oga. kukar fa ya aka yi ta fito da haske haka?

Baban Ilham: Wutar shayin ce hhh, tana can gefe bayan kyamara, ita ta ba ta jan nan. In ba wuta, ka shafa mata tocila sakan biyu uku a hoto na farko kawai. Ko ka fita daren 5 ko 6 ga wata, jinjirin watan ya haska maka ƙasa kafin ya faɗi, sannan duhu ya shigo. Mu da muke lissafi da watan Musulunci ba ma buƙatar wata manhaja a nan, daga 26 zuwa 3 duhu ne, daga 10 zuwa 20 ka zauna a gida.

Ɗan Maraɗi: Kuma ku hanzarta kamin hunturu ya kankama, in ƙurar nan ta taso daga Bodele ta ƙasar Chadi ko wata da ƙyar a ka ganin shi balle tauraro na ƙasa-ƙasa.

Kwamared: Na karanta duka tun daga sama, kuma ni abin da ke ci min rai daban ne. Kun zauna a birni ƙarƙashin fanka kuna yabon duhun ƙauye, wai sama fes ba fitila. Duhun nan fa ba ado ba ne, rashin wuta ne. Mutanen nan matansu na haihuwa da tocilar waya, yaransu ba sa karatu bayan magariba, ku kuma kun je kun ɗauko hoto kuna karɓar yabo. Ranar da aka kai musu wuta za ku ce an ɓata muku sama.

Baban Ilham: Kwamared ƙauyenmu ne fa, kakata tana ciki, in aka ce yau in zaɓa tsakanin hoton nan da taransifoma wlh ko tunani ba zan yi ba. Ba wanda ya ce a bar su a duhu.

Injiniya Sadiq: Kuma ba dole ne a zaɓa ba. Matsalar ba wutar ba ce, yadda ake kafa fitilar ne. Fitilun sola da 'yan siyasa ke kafawa yanzu a ƙauyuka, fari ƙal, wasu a karkace suna haska sama da idon mutane, rabin hasken a banza yake tafiya. In an yi mata hula ta kalli ƙasa, titi ya fi haske, batir ya fi daɗewa in an rage ƙarfinta tsakar dare, sama kuma ta zauna lafiya.

Kwamared: Wa zai tsaya yi wa fitila hula a ƙasar da ake sace batirin tun kafin a ƙaddamar? Ni dai na faɗa, in za ku je ku je da wani abu a hannu, ko hoton ku wanke ku kai musu.

Baban Ilham: Wannan kam ka yi gaskiya, an riga an ba da wankinsa babba, mai unguwa ya ce a zaurensa za a rataye.

Kawu Direba: Tunda an ambaci mai unguwa bari in yi maganar hankali yanzu. Kar wanda ya ga hoton nan ya ɗauki jaka ya nufi dajin da ba a san shi ba. Halin da ake ciki a Zamfara da yammacin Katsina da Birnin Gwari ba sai na faɗa ba. Ko inda ake zaune lafiya, baƙo da daddare a bayan gari da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ɗan jan haske yana ƙiftawa, 'yan banga ba za su tsaya tambayarka ISO nawa ka saka ba. Ka isa da rana, ka gaida mai gari, ka nuna masa kayan, a haɗa ka da ɗan gari, a sanar da masu sintiri. Kuma ba a nisa, bayan gari kaɗan ya isa.

Nas Hauwa: Kawu yau ka yi magana

Ummi Autar Mama: yaya wani siririn layi da ya ratsa ta gefen dama a miƙe fa, shi bai lanƙwasa ba, tauraro ne ya faɗo?

Baban Ilham: Jirgi ne Auta, ki zuƙo za ki ga ɗigo-ɗigo ne a jere saboda fitilarsa na ƙiftawa. Na tauraron ɗan adam layi ne sumul ba yankewa, kuma sun yi yawa yanzu tunda na kamfanin intanet Starlink suka cika sama, amma su hasken rana suke haskowa, don haka bayan magariba da gefen asuba aka fi ganinsu, tsakar dare inuwar duniya ta rufe yawancinsu. Shi ya sa ban fara ba sai goma.

Sani Zariya: to wa zai shirya mana fita tare ƙarshen watan nan? ni ina da mota amma mutum huɗu take ɗauka in an saka kaya

Ɗan Maraɗi: In kun matso ta Maigatari ni ma ina iya ƙetarowa.

Baban Ilham: Bari in fara magana da ƙanin babana tukuna, ba zan kwaso musu baƙi ba sanarwa ba ana tsakiyar girbi. Sani memorinka nawa ne? In RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta matse ba, 240 zai ci maka wajen giga 6, kar ka zo da wanda hotunan biki suka cika.

Sani Zariya: 16 ne, zan kwashe na bikin

Hajiya Mai Lalle: ni Pro ɗin wayata a sakan 10 ya tsaya, ya zan yi?

Baban Ilham: Zai yi Hajiya, ki kai ISO 1600, sai dai hotunan za su ninka uku, ki tabbatar akwai wuri a wayar kafin ki fara.